Layi Uku Fari

Shekara talatin da ɗaya ina zaune ƙasan kujerarsa,
yatsuna bisa ɗan keken rubutu,
ina kwashe abin da bakuna suka zubar.
Ni ce kunnen kotun, ba a tambayar kunne ra'ayi.
Yau da muka rufe shi a bayan garin Duluth,
ƙanƙara har gwiwa,
a bar kunne ya yi magana.

Halvard Rautio.
Ubansa lodin tama yake yi a bakin tafki,
ya dawo gida ja wur kamar an tsoma shi a galura.
Tari ya ɗauke shi, bai ga ɗansa cikin baƙar riga ba.
Gadon da ya bari guntun dutsen tama ne,
da shi alƙali ke danne takardu.

Waya ta same shi wata Talata yana gyaran famfo:
an aika sunansa Majalisar Dattawa.
Kujerar tarayya ce, sai mutuwa ko murabus.
Ya goge hannu, ya ce da Solveig,
"To, ni ne na farko da aka yanke wa ɗaurin rai da rai."

Ina nan shekarar da kamfanin ma'adinai ya zo
da lauyoyi goma sha ɗaya, takalma sai ƙyalli,
masunta kuwa da lauya guda mai ciwon haƙori.
Wata bakwai ana ɗaga ruwan tafki a kwalba.
Ya sa aka toshe bututun.
Unguwar da ta haife shi ta daina amsa gaisuwarsa,
wanzaminsa ma ya ce layi ya cika.
Kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabin hukuncin.
Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce,
"A shafi na tara sun fi ni gaskiya,"
ya buɗe gwangwanin kifinsa ya ci.

Kada ku mai da shi waliyyi.
Kafin ƙarfe goma ba a taɓa shi.
Ya taɓa sa wani sabon lauya kuka a kan waƙafi,
haƙurin bai fito ba sai bayan shekara shida.

Sai ranar Wendell Lafreniere,
ɗan shekara goma sha tara,
ƙullin hoda a ƙarƙashin kujerar motar wani.
Doka ta riga ta yanka: goma, babu ragi.
Uwar tana benci na biyu, riƙe da hularsa.
Alƙali ya juya dutsen nan, ya sake juyawa,
ya ce, "Ni zan sa hannu, amma ba ni na auna ba."
Sai ya yi shiru.
Kekena ba shi da maɓallin shiru.
Na bar layi uku fari,
suna nan har gobe a kundin gwamnati.

Duk ƙarshen shekara yakan rubuta wa yaron wasiƙa.
Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

Ranar da ya fi so ita ce ta rantsar da sababbin 'yan ƙasa.
Yakan kwana yana bitar sunaye,
na tsohuwa daga Laos, na direba daga Bosniya,
don kada harshensa ya ji wa sunan wani ciwo.

Tsufa ya shigo ta kunne, ya sauka gwiwa.
Ya rage shari'u, ya koma ƙaramin ofis mai kallon jiragen ruwa.
Ran da ya kira mai ƙara da sunan ubansa,
shi da kansa ya rataye rigar, ba wanda ya ce masa.

Ɗazu a maƙabarta wani mutum ya tsaya can nesa,
furfura ta fara tsiro masa, hannuwa cikin aljihu.
Bai matso ba, bai kuma tafi ba sai da aka gama.
Ban tambayi sunansa ba.
Aikina ji ne, shi kuwa bai ce komai ba.

Solveig ta danƙa mini dutsen a bakin mota.
Ya fi yadda na zata nauyi,
ya kuma bar mini ja a tafin hannu.